Da idon wa muke kallon Truman?

Duk wanda ya kalli The Truman Show, fim ɗin Peter Weir na 1998, zai ce maka labarin Truman ne, mutumin da aka haifa ya girma cikin shirin tele bai sani ba. Garinsu Seahaven ƙaton ɗakin ɗaukar hoto ne, matarsa da amininsa duk ƴan wasa ne da ake biya. Haka ne. Amma ni abin da ya dame ni shi ne: wa ke ba mu labarin?

Ku lura, fuskar farko da muke gani ba ta Truman ba ce, ta Christof ce, mai shirin. Shi ke fara magana. Ko da Jim Carrey ya bayyana yana surutu gaban madubi, daga bayan madubin muke leƙensa. Sau da yawa gefen hoton baƙi ne, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa, don kamarorin ɓoye ne, har 5,000, wata cikin rediyon mota, wata jikin maɓallin riga. Ke nan ba a ba mu idon Truman ba. An zaunar da mu kan tabarmar masu kallonsa.

Inda abin ya fi zafi shi ne wajen gadar nan. Marlon na rantse wa Truman cewa ba zai taɓa yi masa ƙarya ba, alhali Christof ne ke faɗa masa kalmomin cikin kunne, ɗaya bayan ɗaya. A darasinmu na ilimin harshe kullum muna cewa "ni" na nuna mai magana. To, wannan "ni" ta wa ce? Baki na Marlon, magana ta Christof, kuma Truman ya ɗauka daga zuciya ta fito. Sai aka fito da uban da ya zaci ya nutse a teku tun yana yaro. Christof ya sa a rage hazo, a ɗaga kiɗa, a matso da kamara. Muna ganin yadda ake dafa tausayin, amma wallahi sai ya kama mu duk da haka. Nan zamban ya yi aiki, don mai kallo ne aka kama dumu-dumu.

Sai dai Weir ya yi mana sassauci, kuma a ganina ya rage wa fim ɗin kaifi. Akwai kamara ta biyu, wadda ba ta Christof ba, mai nuna mana ƴan kallo: tsofaffin mata biyu kan kujera, ma'aikatan mashaya, wani da ba ya fita daga bahon wanka. An yi su don a yi musu dariya. Da ka yi dariyar, shi ke nan, sun zama "su", kai ka fita daga lissafi. Da an bar mu da kamarorin ɓoye kaɗai tun daga farko har ƙarshe, ba mu da wanda za mu nuna wa yatsa.

Ƙarshen kam ban da ta cewa. Truman ya hau matakala, ya rusuna, ya shiga baƙar ƙofa, kamara ba ta bi shi ba. Bayan shekara kusan 30 ana haska shi dare da rana, abin da ya same shi a waje ba a nuna mana ba. Mu aka bari da masu gadi biyu a garejin motoci, suna neman wace tasha za su canza.