Kwaikwayo ko Hawa? Tsokaci a kan Fim ɗin Les Maîtres fous

An daɗe ana jera bori tare da tashe da wasan gauta da na 'yan kama a ƙarƙashin abin da muke kira wasan kwaikwayo na gargajiya, har ɗalibanmu sun haddace jerin kamar karatun allo. Manufar wannan tsokaci ita ce a sake duba matsayin bori a cikin jerin, ta hanyar nazarin wani gajeren fim da Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauka a Ankara, babban birnin Gwalkwas, watau Gana ta yau, a 1954, aka fara nuna shi a Faris a 1955.

Fim ɗin na kimanin rabin sa'a ne, kuma ma'anar sunansa ita ce iyayen giji mahaukata. Mutanen da ke cikinsa 'yan ci-rani ne daga ƙasar Nijar, 'yan dako da leburori da 'yan tireda, mabiya wasu iskoki da ake kira Hauka. Iskokin sun ɓulla ne wajajen 1925 a yankin Filinge, kuma Arawan Dogondutsi suna ce musu Babule. Abin da ya raba su da irin su Sarkin Rafi da Inna da Ɗan Galadima shi ne, siffar ma'aikatan mulkin mallaka gare su. Akwai Gomno, watau gwamna, da Kafaran Gardi, da Janar Maliya, da Madam Lokotoro matar likita, da Kwamandan Mugu, wanda sunansa ba ya bukatar fassara ga Bahaushe. Ran wata Lahadi mutanen suka fita bayan gari, aka ja goge, iskoki suka hau. Sai ga kumfa a baki, idanu sun juye, ana fareti da bindigogin katako, ana zaman shawara irin na gidan gwamna. Daga ƙarshe aka yanka kare aka ci.

Wurin da Rouch ya fi nuna gwanintarsa shi ne inda aka fasa ƙwai a kan gunkin gwamna. Nan take ya yanke hoton, ya kai mu filin faretin Ankara, inda gwamnan gaskiya ke tsaye da fararen gashin tsuntsu suna zubowa daga hularsa. Hukumar Ingila ta hana nuna fim ɗin a Gwalkwas, ɗaliban Afirka da suka gan shi a Faris suka ga cin mutunci ne, har malamin Rouch ɗin, Marcel Griaule, ya ba shi shawarar ya lalata shi.

Sai dai kuma a ganinmu wannan gwaninta ita ce ta ɓatar da masu sharhi da yawa. Haɗa hotunan biyu ya sa mai kallo ya ɗauka ba'a ake yi wa Bature, kamar dai tashe. To, mu dubi tashen. Yaron Limawa a Dutse da ya manna gemun auduga, ya ɗauki sanda yana dogarawa bayan goma ga azumi, ya san shi wane ne, matan gida ma sun san ɗan gidan wane ne. Dariyar tana fitowa ne daga ratar da ke tsakanin yaron da tsohon da ya ara. Idan aka toshe wannan rata, wasa ya mutu. Shi kuwa ɗan bori abin da ake nema a gare shi shi ne ratar ta toshe ɗungum. Harshen ma ya raba gardama. A kwaikwayo mutum ne aikau, mukan ce ya kwaikwayi malam. A bori kuwa mutum karɓau ne, mukan ce iska ta hau shi, shi ya sa ake kiransa doki, mace kuma goɗiya. Ko mai nazari ya yarda da abin da suke da'awa ko bai yarda ba, wajibi ne ya lura cewa ba su ce wasa suke yi ba. Saboda haka sanya bori cikin jerin nan ba tare da wani sharaɗi ba, gajeruwar hanya ce da ta fi sauƙaƙa wa mai koyarwa fiye da yadda ta bayyana al'adar.

Daɗin daɗawa, muryar Rouch ta rufe fim ɗin daga farko har ƙarshe. Shi ke faɗa mana wane ne ya hau wane, shi ke fassara abin da iskoki suka ce. Da ƙyar ake jin bakin masu abin.

Zai yi amfani a gwama wannan da fim ɗin Holy Motors na Leos Carax, wanda ya fito a 2012. Denis Lavant ya fito a matsayin Oscar, ɗan wasan da ake zagayawa da shi cikin Faris a wata doguwar farar mota cike da kayan shiga. Duk inda aka tsaya sai ya fito da sabuwar kama: tsohuwa mai bara, mahaukacin da ke fitowa daga magudanar ruwa, uba mai yi wa 'yarsa faɗa, ɗan ta'addan da ya kashe mai kama da shi, tsoho a gadon mutuwa. Ba a ganin na'urar ɗaukar hoto, ba a ganin 'yan kallo, babu kuma muryar da ke bayani. Oscar yana shirya kowace kama da hannunsa a gaban madubi kamar ɗan tashe, amma babu wanda ya san ɗan gidan wane ne, don haka ba a samun dariyar tashe, sai wata irin gajiya. Ba kuma doki ba ne, domin doki yana da sauka. A borinmu idan iska za ta tafi sai a yi atishawa, mutum ya dawo ya nemi ruwa. Oscar bai samu wannan ba. Gidan da aka sauke shi da dare ma aiki ne aka rubuta masa, iyalin da ya tarar a ciki kuwa birai ne.

Rouch ya nuna saukar. Washegari ya bi mutanensa bakin aiki, yana gwama fuskar jiya mai kumfa da ta yau mai murmushi. Janar ashe ƙaramin soja ne, wasu kuma suna haƙar ramin famfo a gaban asibitin masu taɓin hankali na Ankara. A nan ya kawo zatonsa cewa watakila hawan magani ne da ke hana su zaucewa a cikin birnin Turawa. Zaton nasa ne, ba a tambayi ko ɗaya daga cikin masu haƙar ba.