Gidan Gaba da Bayan Mota: Sharhi kan Ladabin Wurin Zama daga Bankok zuwa Ɗan Kassari

Mafi yawan mutanen ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Tibiri, ba su san Tailan ba sai ta buhun shinkafa da kayan da fatake ke sarowa daga Bankok. Amma fataken nan sukan dawo da wani abu ban da haja, shi ne labarin yadda mutanen can ke tashi su bai wa wani wurin zama a mota. Labarin ya shiga bakin malaman makaranta da masu jawabi a tarurrukan ƙungiyoyi, har ya zama bulalar dukan yaran yanzu: ga inda ladabi yake, ga inda ya mutu. Hukuncin yana da daɗin faɗa, sai dai an yanke shi ba tare da an leƙa cikin motar da ake magana a kanta ba.

Abin da fataken suka gani gaskiya ne. A jirgin ƙasan Bankok mai tafiya bisa gada, wanda aka buɗe a 1999, da na ƙarƙashin ƙasa da ya biyo baya a 2004, akwai kujerun da aka keɓe, an liƙa musu alama mai hoton tsoho da mai juna biyu da naƙasasshe da ƙaramin yaro da kuma limamin addinin Buda. Shi limamin darajarsa dabam ce, domin ƙa'idarsa ta hana mace ta taɓa shi, don haka idan ya shigo sai a sake tsarin zama saboda shi. A motocin safa kuwa babba kan tashi wa ƙaramin yaro, abin da Bahaushe zai gani kamar duniya ce ta juya, wanda ke zaune kuma yakan karɓi jakar na tsaye ya riƙe masa. Suna da wata kalma, kirenjai, mai nufin nauyin ɗora wa wani wahala, wadda ba ta da nisa da abin da Hausa ke kira kara.

To, a dawo Ɗan Kassari, bisa babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Dutsi da Birnin Ƙonni. Wace mota ce ake tsayuwa a cikinta a nan? Hiyas mai cin mutum 19 ba ta da wurin miƙe baya, balle wurin tsayuwa. Manyan motocin kamfani irin su Rimbo, masu ratsa garin zuwa Maraɗi da Damagaram, kowa da tikitinsa yake shiga. Saura motocin cin kasuwa masu ɗauko mutane da buhuna da awaki daga ƙauyuka, da amalanke, da kabu-kabu. Darasin da ake karanta wa ɗan lakwal, cewa ya tashi ya bai wa tsoho kujera, an ɗinka shi ne don motar birni mai sandar riƙewa, irin ta Paris ko Bankok. Yaron Lugu ko Bagaji zai iya haddace shi ya ci jarrabawa, ya kuma girma bai taɓa samun inda zai yi aiki da shi ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan zurfi. A tarbiyyar Arawa, kamar ta sauran Hausawa, girmamawa ƙasa take yi: yaro ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya bar wa babba buzu ko tabarma shi ya zauna a turɓaya. Tsayawa ƙerere a kan dattijon da ke zaune rashin kunya ne. Da mota ta zo sai ta birkita ma'aunin. Saurayin da ya bar wa tsoho wuri a motar kasuwa, saman kaya yake hawa, ƙafafunsa na reto daidai hular dattijon, ga rana, ga ƙura, ga haɗarin faɗowa, kuma wannan shi ne ladabinsa. Duk ranar kasuwa ana yin haka, ba wanda ke lissafa shi, don bai yi kama da hoton da ke cikin littafi ba. Su ma mutanen Tailan, masu ɗaukar kai da daraja, ƙafa kuma abin ƙasƙanci, sun ci karo da wannan rikici, suka sasanta da shi.

Wannan ba ya wanke tashoshin Arewa, domin laifinsu na gaske yana gidan gaba. Wurin nan na kusa da direba, inda jijjiga ta fi sauƙi kuma ake samun iska, mai kuɗi ne ke sayen sa, ko a ajiye shi don alhaji, ko ma'aikaci, ko mai kaki. Matar da cikinta ya tsufa, wadda aka tura asibitin Dutsi, sai a cusa ta can baya bisa taya, tsohuwar da ta rako ta kuma a ce ta gyara a ƙara mutum. Idan aka yi sa'a wani fasinja ya san mijinta ko gidansu, nan take wuri zai samu. Ke nan karar tana nan da ranta, amma sanayya take bi da muƙami. Bafulatanar da ba a san rugarsu ba, da Buzun da ya sauko daga Abalak, da tsohon da rigarsa ta koɗe, kara ba ta cika ganin su ba.

A nan ne misalin Bankok yake da amfani, ba inda masu jawabi ke nuna shi ba. Alamar da ke jikin kujera ba ta tambayar ɗiyar wane ce. Ciki kawai ta sani, da tsufa, da sanda. Ban da limami, wanda matsayinsa ya ba shi wuri kamar yadda malami ke samu a nan, sauran duk rauninsu ne ya ba su. Kuma kamfani ne ya liƙa alamar, bai bar abin ga halin kirki kaɗai ba. Hasali ma mutanen Bankok kansu suna kukan masu dulmuya cikin wayar salula su yi kamar ba su ga kowa ba; bambancin shi ne mai rauni yana da abin nunawa da yatsa, ba sai ya roƙa ba.

Ƙasar Hausa ta taɓa gwada sa hannun hukuma cikin zaman mota. A Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa shirin A Daidaita Sahu a 2004, a 2005 kuma aka hana ƴan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo kekuna masu ƙafa uku. Shirin ya wuce, sunan ya zauna a kan keken. Amma tambayar da aka fi damuwa da ita a can ita ce wa zai zauna kusa da wa, namiji da mace. Tambayar wa ya fi buƙatar wuri mai sauƙi ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Saboda haka ƙungiyar da ke son ta taɓa wannan al'amari a Ɗan Kassari, ajin lakwal ba shi ne zangonta na farko ba. Masu raba wuri su ne sarkin tasha da ƴan kamasho da ƙungiyar direbobi, kuma su dattawa ne, ba yaran yanzu ba. Maganar da za a yi da su ta kuɗi ce ƙarara: idan aka keɓe gidan gaba don mai ciki ko majinyaci a kan farashin baya, wa zai cika wa direba ƴan dalolin da alhaji zai ƙara masa?