Ba Kullum Ne Laifin Shakazoba Ba

A bakin masu mota a Gombe, duk ciwon ƙafar mota sunansa ɗaya, shakazoba. Mota ta yi tauri tana dukan ƙugu, shakazoba. Ta riƙa ƙwal-ƙwal a gargada, shakazoba. Ta riƙa lilo bayan an tsallake rami, ita ce dai. Mai mota kan iso gareji ya riga ya yanke hukunci, wani ma har da sabuwar shakazobar a but, ya ce a ɗaura masa kawai. Bakaniken da cefanen yau ne kaɗai a ransa sai ya ɗaura, ya karɓi kuɗinsa, bayan mako guda ƙarar ta dawo. Amma a garejojin Bolari da kewaye akwai waɗanda ake kira masu aikin ƙafa, kuma gwanaye a cikinsu ba sa ɗaukar sifana sai sun gano inda ciwon yake. Wannan ganowar ita ce sana'ar. Kwance noti kowane yaron gareji ya iya.

Garin da kansa ne ya horar da su. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 motoci suka yi ta ƙaruwa, ga shi hanyoyin Bauchi da Yola da Biu da Potiskum da Dukku duk a nan suke haɗuwa. Ƙasar yashi ce mai saurin zaizaya, don haka kowace damina ruwa kan ci gefen kwalta ya yanka lunguna. Motar da ta je Kaltungo da safe ta dawo, da wadda ke kai kaya Dadin Kowa, da wadda ke goga kafaɗa da manyan motocin siminti a hanyar Ashaka, ba irin wahala ɗaya suke sha ba, kuma ba wuri ɗaya suke lalacewa ba.

Shi ya sa gwanin yake farawa da tambaya. "Alhaji, yaushe take yi? A kan kwalta mai laushi ko sai a burji? Da kaya ko babu kaya? Kwanan nan an taɓa maka taya?" Tambayar ƙarshen nan takan ba mai mota haushi, don gani yake ana wasa da hankalinsa, alhali a nan ne sau da yawa maganar take ƙarewa. Yawancin ƙananan motoci iskar da ta kama daga 30 zuwa 35 a geji suke so, kuma kamfani yakan manna adadin a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Mai faci kuwa, idan gejinsa ya gaji ko ya saba da direbobin haya masu lodi, sai ya ɗura 45 ko 50. Lambar da ke jikin taya, wadda mutane ke kafa hujja da ita, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke buƙata ba. Ga kuma zafin kwalta a watan Maris da Afrilu yana ƙara mata ƙarfi. Taya ita ce ta farko da ke shanye duka, idan ta sandare komai sai ya wuce kai tsaye zuwa kujera. Haka abin yake ga samarin da ke cire wilin asali su sa babba mai siririyar taya don ado: sun rage wa motar matashinta da hannunsu.

Kafin gwanin ya tashi daga tsugunne zai shafa tafin hannunsa a kan tayar, domin tana da labari. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe biyu ne, ta yi kaɗan. Gefe ɗaya kawai, ƙafar ta karkace, ana buƙatar alaimen ko wani abu ya lanƙwashe. Idan kuwa ya ji tudu da kwari suna bin juna a zagayen tayar, to lallai tana tsalle a kan hanya, kuma yanzu ne sunan shakazoba ya cancanci a ambace shi.

A nan ne ilimin yake da daɗi. Abin da ke ɗauke da nauyin mota sifirin ne, ba shakazoba ba. Amma sifirin shi kaɗai ba ya da birki: idan aka danne shi aka sake, zai yi ta sama da ƙasa. Aikin shakazoba shi ne ta kashe wannan rawar. A cikinta mai ne da fistin mai ƙananan ƙofofi, kamar sirinjin allura da aka cika da ruwa: ka tura a hankali ya tafi, ka tura da ƙarfi ya ƙi. Ƙarfin dukan sai ya koma zafi. Saboda haka shakazobar da ta mutu, wadda manta ya zube, yawanci lilo take jawowa, motar ta riƙa dungure da hanci idan an taka birki, ta riƙa kwanciya a kwana. Tauri kuwa wani lamari ne dabam. Ko sandar cikin shakazobar ta lanƙwashe ta ƙage, ko an taɓa huda ta an ɗura mai mai kauri, ko kuma sifirin ya gaji ya zauna, har motar ta kwanta a kan robar nan da aka sa don ta tare dukan ƙarshe. Motar da ke tafiya a kan wannan robar ba ta da sauran wurin numfashi, kuma ko shakazoba goma aka canja ba za ta yi laushi ba. Gwanin yakan ja da baya ya kalli tsayuwarta a wuri mai daidai, ya sa yatsu tsakanin taya da bodi hagu da dama, ya ga ko wani ɓangare ya fi wani zama.

Sai gwajin hanya. Zai sauke gilashi, ya kashe rediyo, ya ce wa yaronsa ya kwashe duk abin da ke but, domin jak da sifanar taya sun sha ɗaukar alhakin ƙarar da ba ta ƙafa ba. Zai nemi lungu mai ƙananan gargada ya bi a hankali. Ƙwal-ƙwal mai sauƙi da ke zuwa jere, ta ɓace da zarar an hau kwalta, yawanci linkeji ne, ƙaramin ƙarfe mai arha. Dum mai nauyi lokacin taka birki ko tashi, bushin hannun ƙasa ne ya yage. Ƙas-ƙas-ƙas idan an karya sitiyari gaba ɗaya ana tafiya, shaf ne, robarsa ta fashe yashi ya shiga giris. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya canja murya idan an kaɗa motar hagu ko dama, boris ne. Sitiyari ya riƙa rawa wajen gudun kilomita 100, wili ya lanƙwashe ko ba a daidaita nauyinsa ba. Idan kuwa sai an taka birki yake rawa, maganar ta bar ƙafa ta koma faifan birki. Da ya tsaya zai zura hannu ya taɓa jikin kowace shakazoba. Mai aiki za ta yi ɗumi. Wadda ta yi sanyi alhali 'yan'uwanta sun ɗau zafi, zaman banza take yi.

Wani zai ce yanzu zamanin kwamfuta ne. Gaskiya ne na'urar da ake jona wa mota tana faɗin ciwon inji da na lantarki, amma a irin motocin da ke yawo a Gombe, Golf da Sharan da Corolla da Hiace, babu wata waya da ke zuwa bushi ko boljon. Na'urar ba ta san suna raye ko sun mutu ba. Tsofaffin direbobi kan yi ta begen Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da ta lashe tseren Safari a Kenya, kuma suna da hujja: ƙafarta na da doguwar tafiya sama da ƙasa, tana haɗiye rami. Motocin Beljiyam na yanzu an yi su ne don titin Turai, gajeru ne, kuma galibinsu gabansu tsarin nan ne na injiniyan Amurka Earle MacPherson, inda sifirin da shakazoba suke haɗe a ƙafa ɗaya. Mutane kan sa zobe a ɗaga su don kada cikinsu ya riƙa gogar ƙasa. Dabara ce mai amfani, sai dai idan aka wuce gona da iri shakazoba na zama a miƙe, shaf ya karkace, sabuwar ƙara ta fito. Gwani yakan leƙa ya ga zoben tun kafin a gaya masa.

Sai a ƙarshe ake kawo jak. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Idan akwai wasa, ko boljon ko boris. Don ya raba gardama sai ya ce, "Kai yaro, hau ka taka birki." Wasan ya ɓace, boris ne, ya ci gaba, boljon ne. Ya kama hagu da dama ya sake girgizawa, wannan na tayarod ne. Ya sa dogon ƙarfe ya ɗan ɓanɓare kowane bushi yana kallon robar. A kan boljon kaɗai za ka ga fuskarsa ta canja, domin duk sauran abubuwan damuwa ce, shi kuwa rai ne. Idan ya fita ana cikin gudu, taya na kwanciya ne a ƙarƙashin mota. Nan ba ya karɓar "a lallaɓa zuwa ƙarshen wata", ko da mai motar babban mutum ne. "Ranka ya daɗe, wannan ba za ta je Bauchi ba," shi ke nan.

Akwai wani ɗan abu da nake auna bakanike da shi. Idan an sa sabon bushi, ba a ɗaure notinsa tamau mota na rataye a kan jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ƙarasa ɗaurewa. Wanda ya ɗaure a sama ya murɗe robar tun kafin motar ta motsa, za ta yi tauri kuma ta yage da wuri, a zo ana zagin mai sayar da kaya cewa jabu ya bayar. Haka bushin da ake yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota: yana daɗewa, yana da arha, amma gwanin zai gaya maka tun farko cewa bayanka ne zai biya ragowar kuɗin. Idan kuma shakazoba ce da gaske, biyu ake canjawa, hagu da dama, sannan a wuce wajen alaimen kafin a hau babbar hanya.