Suna Ya Sauya, Mutum Yana Nan: Taurarin George Martin

Marubucin da ya ɗauko labarin almara mai littattafai da yawa yana da wani nauyi da mai littafi ɗaya bai san shi ba. Shekaru kan wuce tsakanin littafi da littafi, mai karatu yana ɗokin sake haɗuwa da tauraron da ya bari. In ya tarar da shi yadda ya bar shi, labari ya yi lami. In kuma ya sauya ba dalili, sai a ce marubuci ya manta da mutanensa.

Jerin A Song of Ice and Fire na George R. R. Martin, ɗan Amurka, ya kai littattafai biyar daga 1996 zuwa 2011, kuma dabararsa tana nan a kan babi. Kusan kowane babi yana ɗauke da sunan wanda ake kallon duniya ta idonsa. Daga A Feast for Crows na 2005 sai sunayen suka fara zamewa. Sansa Stark, da ta ɓuya a matsayin 'yar Petyr Baelish, babinta ya koma Alayne, har a zuci da wannan suna take kiran kanta.

Na Theon Greyjoy ya fi tsanani. An rabu da babinsa a A Clash of Kings na 1998, ba a sake shiga zuciyarsa ba sai a littafi na biyar, A Dance with Dragons, bayan shekara 13. Ya dawo da sunan Reek, wanda Ramsay Bolton ya laƙaba masa bayan ya gana masa azaba har yana tsoron tuna ko shi wane ne. Babi uku suka zo da wannan suna, wasu uku da laƙabi dabam-dabam, na ƙarshe kuwa aka rubuta Theon. Ko mutum jerin babin kawai ya duba, ya ga yadda aka karya shi da yadda ya tattaro kansa.

Arya Stark ta fi kowa yawan sunaye. A birnin Braavos, masu horar da ita sun ce ta watsar da duk abin da ta mallaka. Ta zubar da komai a ruwa, amma ta ɓoye takobin da Jon Snow ya ba ta a ƙarƙashin wani dutse na matakala. Ko lokacin da ta makance, tana mafarkin kerkecinta. Hali zanen dutse ne, kuma Martin yakan bar wa kowa abu guda da za a gane shi da shi.

Mutuwa ma ba ta tafiya a banza. Sau shida aka ta da Beric Dondarrion daga mutuwa, kowane karo sai ya rasa wani abu daga tunaninsa na baya. Catelyn Stark ta dawo babu abin da ya rage mata sai ramuwar gayya, kuma Martin bai ƙara ba ta babi ba. Ya taɓa nuna cewa dawowar Gandalf a labarin Tolkien, da ƙarfi fiye da na da, ba ta gamsar da shi ba.

Ƙananan kurakurai ba sa rasuwa. Idanun Renly Baratheon kore ne a littafin farko, shuɗi a na biyu, kuma Martin yakan tuntuɓi Elio García, wanda suka rubuta The World of Ice & Fire na 2014 tare da shi da Linda Antonsson, don tabbatar da irin waɗannan bayanai. Masu karatu sun yafe launin ido domin bai taɓa halin Renly ba.

Jarrabawa mafi girma tana gaba. An daɓa wa Jon Snow wuƙa a ƙarshen littafi na biyar. In ya tashi a littafi na shida da ake ta jira, ƙa'idar da Martin ya kafa da kansa ta wajabta ya tashi da wani abu da ya rasa, kuma sunan da za a rubuta a kan babinsa ne zai fara faɗa wa mai karatu girman asarar.