Jinjina ga masu bin sawun jariran taurari

Kusa da Kaza da 'Ya'yanta a sararin sama akwai wani makeken gajimaren iska da ƙura, gajimaren Taurus, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 450. Can ake haihuwar taurari. Masanan da suka duƙufa wajen gano waɗanda suka taru gungu-gungu a ciki, su nake jinjina wa.

Aikin ba wasa ba ne. Ƙura na lulluɓe jariran, sai an leƙa da madubin hangen nesa mai ganin hasken zafi, irin Spitzer da aka harba a 2003. Ga ido da yaudara: taurari biyu kan fito kafaɗa da kafaɗa a hoto, alhali ɗaya na can baya nesa. Shi ya sa masanan suke auna tazarar kowace tauraruwa da maƙwabciyarta, su gwada da yadda za ta kasance da barkatai aka watsa su, sannan su duba nisansu da motsinsu a bayanan kumbon Gaia. Ɗaya daga cikin masanan, Richard Larson, ya yi awon tazarar nan a Taurus tun 1995.

Haƙurin nasu yana biya. Taurarin 'yan miliyoyin shekaru kawai gare su, ba su yi nisa da mahaifarsu ba, don haka gungunsu na nuna yadda gajimaren ya daddatse.