Hoton da ke rakiyar waƙa a fuskar salula: nazari daga Zangon Damagaram

Manazarta waƙoƙin baka na Hausa sun daɗe suna tattauna turke da salo da kayan kiɗa, amma kaɗan ne suka kula da hoton da ke rakiyar waƙa. Wannan ƴar maƙala za ta duba hoton nan mai kusurwa huɗu da yake fitowa a fuskar salula idan an kulle ta, waƙa kuma tana ci gaba da tashi.

Da farko, ya kamata mu san daga ina hoton yake fitowa. Tun shekarar 1998 aka samu tsarin ID3v2, wanda ya ba da damar a cusa sunan mawaƙi da sunan waƙa da hoto a cikin fayil na MP3. Manhajar sauraro ce take karanta waɗannan bayanai, ta miƙa su ga tsarin wayar, shi kuma ya baje su a allon kulle. A 2013 Android 4.4 ta sa hoton ya cika allon baki ɗaya. A 2020 Android 11 ta janye wannan, aka bar ƙaramin akwati. A 2022 kuma iOS 16 ta dawo da babban hoto a wayoyin Apple. Wato ke nan girman hoton yana hannun kamfanonin Amurka. Abin da ke cikin hoton kuwa, a nan gida ake yanke shi.

Waɗanda suka tsara wannan abu sun ɗauka cewa mawaƙi ko kamfaninsa ne zai sa hoton. A Zango da Birni da kasuwar Dole, waƙa takan bi wata hanya dabam. Daga Kano take zuwa ko daga Maraɗi, ta faɗa hannun masu tura waƙa a katin ajiya, daga nan ta bi Bluetooth ko Xender ko WhatsApp daga aboki zuwa aboki. Duk wanda fayil ɗin ya ratsa ta kwamfutarsa yana iya cire hoton ya sa nasa. Shi ya sa za ka ji muryar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amma a allo tambarin wani shafin intanet kake gani, ko tallar wani shago. Sau da yawa ma babu komi sai farin akwati da alamar kiɗa, sunan waƙar kuma jerin lambobi ne kawai.

A ganinmu wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ga mai sauraron da bai yi karatun boko ba, hoton shi ne sunan waƙa, shi ne sunan mai ita. A zamanin kaset, mutum yakan nuna fuskar mawaƙi a jikin kwali ya ce wannan yake so. Idan fuskar ta ɓace, waƙa ta zama marar uba. Ba'amurken nan Christopher Kirkley ya gamu da wannan matsala lokacin da ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a Kidal ta ƙasar Mali, ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011: sai da ya bi diddigin mawaƙan ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da Mdou Moctar ɗan Nijar, kafin ya san wa zai biya.

Akwai kuma wata illa, ko da hoton na gaskiya ne. Akwatin da bai fi faɗin yatsu biyu ba, fuska ɗaya kawai yake iya ɗauka. Wannan ya dace da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, tun da shi kaɗai yake waƙa. To, ina za a sa ƴan amshin Musa Ɗanƙwairo? Ina za a sa masu kakaki da algaita na fadar Sarkin Damagaram, waɗanda aikinsu na taro ne? Sannu a hankali allon yana koya wa yara cewa waƙa aikin mutum guda ce. Mawaƙan finafinan Kano sun gane haka da wuri, sukan cika akwatin da fuskarsu da manyan haruffa, wani lokaci har rubutun ya cunkushe, ba a iya karanta shi.

Abin mamaki shi ne, mutanen Zango ba baƙin ado ba ne. Magina sun ƙawata fuskar gidajen ƴan kasuwar unguwar da zane mai kauri da launi mai ƙarfi, wanda ake hangowa daga nesa a san gidan wane ne. Irin wannan zane, da dagi da sauran alamomi, ba ya lalacewa idan an ƙanƙanta shi, saɓanin hoton mutum goma da kayan kiɗansu. Ƙungiyar makaɗa da ta zaɓi alama guda irin wannan, ta cusa ta cikin kowane fayil tare da sunanta tun daga situdiyo, za a iya gane waƙarta a allon kulle, in dai mai tura waƙa bai goge ba.