Jinjina ga Masu Fentin Ƙananan Sojoji

A Ingila da Amurka akwai wasan yaƙi da ake yi a kan tebur da ƙananan sojojin roba, da yawansu tsayinsu bai wuce milimita 32 ba. Kamfanin Games Workshop na Nottingham, mai wasan Warhammer, yana sayar da su ba tare da fenti ba. Masu wasan ne ke zama su ƙawata su, kuma su nake jinjina wa.

Fentin akirilik suke zaɓa, irin Citadel ko Vallejo na Sifaniya, domin da ruwa ake sirka shi, kuma yana saurin bushewa. Gwani ba ya lafta shi da kauri. Sai ya tsinka shi, ya shafa sau biyu ko uku, don kada hanci da baki su toshe. Sannan ya sa mai duhu ya kwanta a lungunan sulke, ya haska bakin takobi. Ƙwayar ido kuwa da tsinin buroshi ake ɗiga ta, mutum na riƙe da numfashi.

Tun 1987 ake gasar irin wannan fenti mai suna Golden Demon, amma galibin masu fentin ba kofi suke nema ba. Suna raba dare ne don abokin wasa ya ga runduna kamar mai rai. Sannunku da aiki.